Tausa Cikin Ruwan Ɗumi: Yadda Ake Kula Da Mai Mikin Zuciya Ba Tare Da An Fama Masa Ba

Shafin darasi na wannan fitowa ya ɗan kauce daga abin da muka saba, domin zan ɗauko batun wata sana'a ce da ba a cika jin labarinta a wajenmu ba, wato tausar da ake yi wa mutum a cikin ruwan ɗumi. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da tausa a cikin ruwa, alhali ko na wanka sai mun bi layi a hostal? Gaskiya ne, amma ku ɗan yi haƙuri ku bi ni. Abin da ya ja hankalina shi ne tambayar da masu wannan sana'a suka daɗe suna juyawa: yaya za ka taɓa jikin mutumin da aka taɓa zalunta, ko wanda ya taɓa tsallake rijiya da baya, ba tare da ka fama masa miki ba? Wannan tambaya ta shafi duk wanda zai yi aiki da jama'a, ko a asibiti, ko a otal, ko a wurin shaƙatawa, ko a ofishin walwalar jama'a.

Asalin sana'ar

Mafi shahara a irin wannan tausa ita ce Watsu. Wani Ba'amurke mai suna Harold Dull ne ya ƙirƙiro ta a wajajen shekarar 1980, a wani wurin maɓuɓɓugar ruwan zafi da ake kira Harbin a jihar Kalifoniya ta Amurka. Kafin nan ya je Japan ya koyo shiyatsu, wata tausar Japanawa da ake yi ta hanyar danna sassan jiki da miƙe gaɓoɓi. Da ya dawo sai ya gwada yi wa ɗalibansa irin wannan miƙa suna kwance a kan ruwan ɗumi. Sunan ma daga nan ya samo asali: an haɗa farkon kalmar ruwa ta Turanci da ƙarshen kalmar shiyatsu.

Daga baya wasu salo sun biyo baya. Akwai wanda Arjana Brunschwiler da Aman Schroter suka fito da shi a Suwizalan a 1987, wanda ma'anar sunansa ita ce rawar ruwa. A cikinsa ana maƙala wa mutum abin toshe hanci, a riƙa nutsar da shi ƙarƙashin ruwa na ɗan lokaci a fito da shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ga yadda zaman Watsu yake. Mai tausa yana tsaye a cikin kwarmin ruwa mai zurfin da ya kai ƙirji. Wanda ake yi wa yana kwance rigingine a kan ruwan, ƙeyarsa a kan hannun mai tausa, ɗaya hannun kuma yana tallabe da ƙugunsa ko bayan gwiwoyinsa. Sau da yawa ana ɗaura masa wasu 'yan tsummokin soso a ƙafafu don kada su nutse. Hanci da baki suna sama, kunnuwa kuwa suna cikin ruwa. Daga nan sai a riƙa lilo da shi a hankali, ana juya shi, ana miƙe masa hannu da ƙafa da gadon baya, ana bin numfashinsa. Zama ɗaya kan ɗauki kimanin awa guda.

Me ruwan yake yi wa jiki?

Abu uku ne, kuma 'yan sashen kimiyya da injiniya duk sun san su tun daga aji ɗaya.

Na farko, ruwa yana ɗaga abin da aka tsoma a cikinsa, kamar yadda ƙa'idar Akimidis ta bayyana. Idan ka tsaya a ruwa iya ƙugu, kusan rabin nauyinka kaɗai ƙafafunka ke ɗauka. Idan ya kai wuya, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Shi ya sa mai ciwon baya ko ciwon gwiwa yake iya yin motsin da ba zai iya a kan tudu ba.

Na biyu, ruwa yana matsa jiki ta ko'ina, kuma matsin yana ƙaruwa da zurfi. Wannan matsi yana tura jini daga ƙafafu zuwa ƙirji, ƙoda kuma ta ƙara tace fitsari. Abin da ya sa ke nan mutum kan ji fitsari bayan ya daɗe a ruwa, kuma ake ba shi ruwan sha idan ya fito.

Na uku shi ne ɗumi. Ana ajiye ruwan Watsu a wajajen digiri 35 a ma'aunin Salshiyos, wato daidai inda jikin da ke kwance ba ya motsi ba zai ji sanyi ba, ba zai kuma ji zafi ba. Ruwa ya fi iska saurin zuƙe zafin jiki nesa ba kusa ba, don haka digiri biyu ko uku ma bambanci ne babba. Wanda ya taɓa zuwa Yankari ya shiga ruwan Wikki, wanda ke kan digiri 31 rani da damina, to ya ƙara ɗumi kaɗan a kan wancan, ya samu ruwan Watsu. Kada kuma a haɗa shi da ruwan wankan jego. Wancan zafi ne, wannan ɗumi.

Idan waɗannan uku suka haɗu da lilo a hankali, tsokoki sukan saki, numfashi ya lafa, mutane da yawa har gyangyaɗi suke yi. To ina matsalar take?

Mene ne mikin zuciya?

Abin da nake kira mikin zuciya shi ne tabon da mummunan abu ke bari a ran mutum da jikinsa bayan abin ya wuce: haɗarin mota, fyaɗe, duka a gida, garkuwa da mutane, yaƙi, gobara, ambaliya. Hukumar SAMHSA ta Amurka, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da matsalar shaye-shaye, ta fitar da wani jagora a 2014 inda ta ce a duba abu uku: abin da ya faru, yadda mutumin ya ji shi, da kuma illar da ya bar masa. Wannan rabe-rabe yana da amfani, domin mutum biyu kan shiga haɗari ɗaya, ɗaya ya warware cikin makonni, ɗaya ya shekara goma bai iya shiga mota ba tare da zuciyarsa ta buga ba.

Abin kuma ba ƙaramin yawa gare shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen duniya sukan gamu da irin wannan mummunan abu a rayuwarsu, duk da cewa kaɗan ne daga cikinsu ke kamuwa da ciwon da likitoci ke kira PTSD, wato damuwar da ke biyo bayan tashin hankali. A Amurka, wani babban bincike da Vincent Felitti da Robert Anda suka jagoranta, wanda aka fara wallafa sakamakonsa a 1998, ya tambayi mutum sama da 17,000 game da ƙuruciyarsu. Kusan biyu bisa uku sun ce sun gamu da aƙalla nau'i ɗaya na cutarwa ko sakaci ko rikicin gida suna yara. Darasin da masu aikin lafiya suka ɗauka daga nan shi ne: a cikin mutanen da ke shigowa wurinka kullum akwai masu miki, kuma ba a rubuce yake a goshinsu ba.

Yaya abin ke aiki a jiki? A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa kamar na maigadi ne. Da ya hango haɗari sai ya busa usur, jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, tsokoki su ɗaure. Daga nan mutum ko ya yi faɗa, ko ya gudu, ko ya sandare. A wajen mai mikin zuciya, maigadin nan ya riga ya tsorata, don haka ko motsin kyanwa ya ji sai ya busa. Wari, ko wata murya, ko a taɓa shi ta baya, ya isa ya mayar da shi ranar da abin ya faru kamar yanzu ne.

Sandarewar nan ita ce ta fi wuyar ganewa. Mutum zai yi tsit, jikinsa ya saki ko ya ƙage, ido ya kafe, hankalinsa ya yi nisa kamar yana kallon kansa daga gefe. Ba ya iya cewa a'a, ba ya iya cewa a daina.

Inda gizo ke saƙar

Yanzu ku sake duba yadda na kwatanta zaman Watsu, amma da idon wanda aka taɓa dannewa da ƙarfi. Yana kwance rigingine. Kayan jikinsa kaɗan ne. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Kunnuwansa suna cikin ruwa, ba ya jin abin da ke faruwa a ɗakin sosai. Idonsa a rufe. Wani mutum da bai sani ba yana riƙe da kansa, jikinsu kusa da juna, kuma shi ke juya shi yadda ya ga dama. Kun ga duk abin da ke sa wani ya ji daɗi, shi ne zai iya tayar wa wani da tsohon ciwo.

Haka wanda ya taɓa nutsewa a kogi, ko kwale-kwale ya kife da shi, ko ambaliya ta ci gidansu kamar yadda ta faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau. A wajensa ruwan da ya taɓa kunne kaɗai ya isa. Balle kuma salon nan na Suwizalan da ake toshe hanci a nutsar da mutum.

Akwai wani abin kuma da masana halayyar ɗan Adam suka lura da shi: wasu mutane da zarar jikinsu ya fara saki sai tsoro ya taso musu. Wanda ya yi shekaru yana zaman ɗar-ɗar, sakin jiki a wajensa tamkar barin ƙofa a buɗe ne da dare.

Babban haɗarin shi ne mai tausa ya ga mutum ya yi shiru, jiki ya yi laƙwas, ya ɗauka daɗi yake ji, alhali sandarewa ya yi. Sai ya ci gaba. Mutumin ya fito ya yi godiya, ya tafi gida ya kasa barci sati guda, kuma ba zai sake yarda wani mai aikin lafiya ya taɓa shi ba. Wannan shi ne fami.

Ƙa'idoji shida a bakin ruwa

Jagoran SAMHSA ya kawo ƙa'idoji shida na kula da mutane cikin la'akari da mikin zuciya. Ba don masu tausa aka rubuta su ba, na kowace ma'aikata ne, amma bari in ɗora kowace a kan aikin ruwa.

Ta ɗaya, aminci. Wurin ya kasance mutum zai ji ba abin da zai same shi. A nuna masa ƙofa, da matakalar fita, da zurfin ruwan. Wurin canza kaya ya zama mai sirri. Kada wani ya faɗo ɗakin ana tsakiyar aiki, kada kuma a kulle ƙofa da makulli ba da saninsa ba.

Ta biyu, gaskiya da riƙon amana. Tun kan tudu, mutum yana sanye da kayansa, a gaya masa dalla-dalla inda za a taɓa, yadda za a riƙe shi, da tsawon lokacin. Abin da aka ce za a yi shi za a yi. Idan an ce minti talatin, kada a kai arba'in don ana ganin yana jin daɗi.

Ta uku, tallafin waɗanda suka san ciwon. Idan yana so ya zo da 'yar uwa ko aboki ya zauna a bakin ruwa, a bar shi. Idan akwai ƙungiyar waɗanda suka sha irin wahalarsa, a nuna masa hanya.

Ta huɗu, aiki tare. Mai tausa ya san ruwa, amma mai jiki shi ya san jikinsa. Su biyu za su tsara zaman, ba wai ɗaya ya yanke ɗaya ya bi ba.

Ta biyar, zaɓi da ikon faɗa a ji. Ido a buɗe ko a rufe? Kunne a ruwa ko a sa matashin da zai ɗaga kai? A taɓa fuska ko a'a? Kowane ɗaya tambaya ce. Izinin da aka bayar a farko kuma ba ya nufin an bayar har ƙarshe, mutum yana da damar janye shi ko yaushe ba tare da ya kawo dalili ba.

Ta shida, la'akari da al'ada da tarihi da jinsi. Mace ta samu damar zaɓar mace, namiji ya zaɓi namiji. Wadda take son shiga da doguwar riga da wando na ninkaya da ɗankwali ta shiga da abinta, babu mai yi mata kallon baƙauya.

Ku lura da abu ɗaya: babu inda aka ce a tambayi mutum labarin abin da ya same shi. Ana yi wa kowa wannan kulawa ne, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Tambayar da ta dace ita ce irin su, "Akwai wurin da ba kya so a taɓa?" ko "Yaya kike da ruwa, kin saba shiga?" Wannan ya wadatar.

Misalin zaman farko

Mu ƙaddara wata baiwar Allah ta zo saboda ciwon baya, ta kuma ce ita fa ba ta son ruwa ya shiga kunnenta, ba ta ƙara komai ba. Mai tausa ba za ta ce mata "ai ba komai, za ki saba" ba. Za ta fara da tambayoyin lafiya, domin akwai waɗanda bai kamata su shiga ba sam: mai zazzaɓi, mai buɗaɗɗen rauni, mai gudawa, mai farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba, mai ciwon zuciya mai tsanani, mai hujin dodon kunne. Daga nan su yi yarjejeniya kan alamar tsayawa wadda ba ta buƙatar magana, kamar ɗaga hannu ko matsa hannun mai tausa sau biyu, su kuma gwada ta tun kafin a fara.

A cikin ruwa za su fara a tsaye, bayanta jingine da bango, tafin ƙafarta a ƙasa. Mai tausa ta ce, "Malama, yanzu zan sa hannuna a ƙeyarki, kin amince?" Sai ta jira amsa. Idan ranar iyakar abin da aka iya ke nan, tsayuwa da numfashi a jikin bango, to zama ya yi kyau. Ba a gaggawa.

Idan an kai ga kwanciya, idon mai tausa yana kan numfashi da fuska da yatsu. Numfashi ya tsaya ko ya koma sama-sama? Muƙamuƙi ya ɗaure? Yatsu sun dunƙule? Jiki ya saki farat ɗaya kamar tsumma? An yi magana ba ta amsa ba? Ko ɗaya daga ciki ya bayyana, sai a rage motsi, a fito da kunnuwa daga ruwa, a kira sunanta da murya a kwance, a gaya mata za a miƙar da ita tsaye. A mayar da ita jikin bango, ƙafa a ƙasa, ido a buɗe. A ce ta duba ɗakin ta faɗi abubuwa uku da take gani, ta ji yadda tafin ƙafarta ke taka daɓen. Wannan yana dawo da hankali zuwa inda ake. Ba a rungume ta, ba a ƙara matse ta, ba a kuma ce "faɗa mini abin da kika tuna" ba. Idan ta yi kuka a bar ta ta yi, a tambaye ta ko tana so a ci gaba ko a tsaya.

Bayan an fito a ba ta tawul da ruwan sha da lokacin zama, kada a sallame ta ta hau titi kanta yana juyawa.

Kowa ya tsaya a iyakarsa

A nan nake so mu yi hattara. Likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman, a littafinta na 1992 kan mikin zuciya da warkewa, ta kasa hanyar warkewa gida uku: samun aminci tukuna, sannan tunawa da juyayin abin da ya faru, sannan komawa cikin jama'a. Mai tausa yana iya taimakawa a matakin farko. Mataki na biyu aikin ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ne ko masanin halayyar ɗan Adam. Mai tausar da ya ce zai "fitar" wa mutum da tsohon ciwo ta hanyar sa shi kuka a ruwa ya shiga gonar da ba tasa ba.

Batun hujja kuma, a 2020 wasu masu bincike ƙarƙashin Agnes Schitter sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan Watsu suka wallafa a mujallar PLOS ONE. Sun ga alamun amfani wajen rage ciwo da inganta motsin jiki da kwanciyar hankali, amma sun ce ƙarfin hujjar bai wuce ƙarami zuwa matsakaici ba. Ga PTSD kuwa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai shi ne jinyar tattaunawa da ƙwararre, irin su CBT mai mayar da hankali kan abin da ya faru, da EMDR. Don haka ruwan ɗumi ɗan rakiya ne, ba shi ne maganin ba, kuma mai tausa na gari yana da sunan asibitin da zai tura mutum idan abin ya fi ƙarfinsa.

Abin da za mu ɗauka

A ganina, ko ba za ka taɓa shiga kwarmin Watsu a rayuwarka ba, darasin naka ne. 'Yar sashen kimiyyar ɗakin gwaji da za ta ɗebi jini a lokacin SIWES, ɗan sashen yawon buɗe ido da zai kula da wurin ninkaya a otal, mai ɗinki da zai auna kwastoma, har da jami'an ƙungiyarmu da ɗalibai ke kawo wa kuka, duk hannunsu ko bakinsu zai kai kusa da mikin wani. Ka faɗi abin da za ka yi kafin ka yi. Ka nemi izini ka jira amsa. Ka ba da zaɓi. Kada ka ɗauki shiru a matsayin yarda. Kada ka tona abin da ba za ka iya rufewa ba.

Ga tambayoyi uku na bita, ku tattauna a rukunin karatunku. Ta ɗaya, waɗanne alamu ne ke bambanta wanda ya saki jiki da wanda ya sandare? Ta biyu, me ya sa ake son alamar tsayawa ta zama wadda ba ta buƙatar magana? Ta uku, a sana'ar da kake karanta, wane mataki ne zai iya fama wa mai miki, kuma yaya za ka gyara shi?

Wanda kuma ya karanta wannan ya ji an taɓo masa inda yake masa ciwo, kada ya zauna da abin shi kaɗai. Ya leƙa asibitin makaranta ko ofishin ba da shawara ga ɗalibai, ko ya samu wani babba da ya yarda da shi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.